Wai ƙwaƙwalwa tana da wiwinta na kanta? Tambayar wani yaya kan ƙanensa mai ciwon damuwa

Sanusi, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga likitoci da masana magunguna da ke cikinmu, kuma ina roƙon a amsa mini da natsuwa, domin maganar ta shafi ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara 24. Shekara biyu ke nan da masu garkuwa da mutane suka tare motar da yake ciki a hanyar Birnin Gwari, ya yi kwana 19 a daji kafin Allah ya kuɓutar da shi, kuma tun daga lokacin bai koma yaron da muka sani ba. Ba ya samun barci sai asuba ta gabato, ya daina zuwa shagon da yake koyon ɗinki, abinci sai mahaifiyarmu ta yi ta lallashi, ko ƙarar salansar babur ya ji sai ya zabura. A 'yan watannin nan muka gano ya fara shan tabar wiwi. Da na zaunar da shi bai yi musu ba, ya ce ita kaɗai ke sa kansa ya yi shiru, sannan ya nuna mini a wayarsa cewa masana sun gano ƙwaƙwalwa tana haɗa sinadarai irin na wiwi da kanta don kwantar da hankali, wai nasa ne suka yi ƙaranci, shi kuma cike gurbi yake yi. Ban iya ba shi amsa ba. Shin akwai gaskiya a maganar nan, kuma idan akwai, ina iyakarta?

Habibu, mai harhaɗa magunguna, Kawo:
Wa alaikumus salam Malam Sanusi. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba. Rabin abin da ƙanenka ya karanta gaskiya ne, kuma ina ba ka shawara kada ka ce masa ƙarya ne baki ɗaya, domin zai koma wayarsa ya tabbatar, daga nan kuma ya daina sauraronka.

A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa Yechiel Gaoni a Isra'ila suka ware THC, sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi. Aka shafe shekaru ana tambayar ta wace ƙofa yake shiga ƙwaƙwalwa, har zuwa 1988 da Allyn Howlett da William Devane a Amurka suka nuna akwai wani makarɓi na musamman a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda daga baya aka sa wa suna CB1. A ɗauke shi kamar kwaɗo, THC kuma makulli. To amma ba a rataya wa ɗaki kwaɗo a zauna jiran makullin baƙo, dole akwai na gida. A 1992 aka samo makullin gida na farko a birnin Ƙudus, aka kira shi anandamid, daga kalmar farin ciki a tsohon harshen Sanskirit na Indiya. A 1993 aka gano kwaɗo na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki, a 1995 kuma makulli na biyu, 2-AG. Waɗannan duka, tare da abubuwan da ke haɗa su da masu rusa su, su ake kira tsarin endokanabinoyid. Sunan wiwi ya maƙale masa ne kawai don ta hanyar binciken wiwi aka gano shi.

Yadda yake aiki shi ne inda maganar ƙanenka ta fara rauni. A ƙa'ida saƙo a cikin ƙwaƙwalwa yana tafiya daga ƙwayar da ke aikawa zuwa wadda ke karɓa. Idan mai aikawa ta cika kwarara saƙo, sai mai karɓa ta ɗebi kitse daga bangon jikinta, ta haɗa anandamid ko 2-AG nan take, ta mayar da shi baya zuwa CB1 da ke jikin mai aikawa, wato ta ce mata ya isa haka. A 2001 aka tabbatar da wannan tafiya ta baya. Ba a tara waɗannan sinadarai a ajiye, ana haɗa su ne a daidai wurin da ake bukata da lokacin da ake bukata, kuma ba su jimawa sai wasu enzayim biyu, wato sinadaran jiki masu sarrafa wasu sinadarai, FAAH da MAGL, su rusa su. THC kuwa yana bin jini ya taɓa kusan duk CB1 da ke cikin kai a lokaci guda, ya yi awowi yana aiki. Mai girki tana barbaɗa gishiri a tukunyar da ke nema. Wiwi kamar a juye buhun gishirin ne a kan miya da tuwo da kunu gaba ɗaya.

Dakta Maryam, likitar ƙwaƙwalwa:
Sannu da haƙuri Malam Sanusi, kuma madalla da bayanin Malam Habibu. Zan ɗora daga inda ya tsaya, a kan alaƙar tsarin da tashin hankali.

Idan mutum ya hango haɗari, wani ɗan sashe mai suna amigidala ne ke fara yin kururuwa. Daga nan wani sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus ya saki sinadarin CRH, wannan ya sa fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya saki sinadarin ACTH, shi kuma ya umarci 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda su saki kotizol, sinadarin tashin hankali, cikin jini. Abin da bincike a kan ɓeraye ya nuna, musamman aikin su Cecilia Hillard da Matthew Hill da Sachin Patel, shi ne cewa a mintunan farko aikin FAAH yana ƙaruwa, anandamid ya ragu a amigidala, kamar an ɗaga ƙafa daga birki don jiki ya iya gudu ko kare kansa. Bayan ɗan lokaci sai kotizol ɗin da kansa ya sa 2-AG ya ƙaru, shi kuma ya taimaka a kashe wutar da aka kunna. Idan tashin hankalin ya ƙi ƙarewa, makonni a jere, sai a ga CB1 yana raguwa a wasu sassa, ciki har da hipokampas mai kula da tunawa.

Akwai gwajin da nake so ka riƙe, domin ya yi kama da halin ƙanenka. A 2002 Giovanni Marsicano da abokan aikinsa a Jamus suka riƙa kaɗa wa ɓeraye wata ƙara tare da ɗan jan lantarki a ƙafa, har suka koyi tsoron ƙarar. Daga baya aka ci gaba da kaɗa ƙarar ba tare da lantarki ba. Ɓeraye masu lafiya a hankali suka gane haɗarin ya wuce, suka daina daskarewa. Waɗanda aka sauya wa ƙwayoyin gado aka haife su ba su da CB1 kuwa sun koyi tsoron kamar kowa, amma sauke shi ya yi musu wuya ƙwarai. Ke nan wannan tsari yana da hannu a yadda ƙwaƙwalwa ke koyon cewa abin tsoro ya wuce, kuma ƙarar salansa a Unguwar Dosa ba harbi ba ce a daji.

Sai dai a mutane lamarin bai fito fili haka ba. Wasu ƙananan bincike sun samu ƙarancin waɗannan sinadarai a jinin mata masu ciwon damuwa, yayin da binciken ƙwaƙwalwar wasu masu ciwon da suka kashe kansu ya samu CB1 ya ƙaru a sashen goshi. Babu wani gwajin jini da ake yi wa majiyyaci a ce masa anandamid ɗinsa ya yi ƙasa. Saboda haka kalmar cike gurbi zato ce, ba a auna ba. Abin da ka lissafa kuma, wato zabura, rashin barci, janyewa daga mutane da aiki bayan mummunan abu, ya fi kama da ciwon firgici tare da ciwon damuwa, kuma duka biyun ana maganinsu. Ba zan yanke hukunci ban gan shi ba.

Lawal, makanike, Panteka:
Dakta, Allah ya ƙara basira. Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, amma da kika ambaci birki na fahimta, domin shi ne aikina shekara 20. Direban da ya saba ɗora ƙafa a kan birki yana tafiya, takalmin birkinsa yakan cinye tun lokacinsa bai yi ba, ranar da yaro ya gitta masa kuma ya taka ya ji babu komai. Tambayata ita ce, shin haka mai shan wiwi kullum yake yi wa nasa birkin? Idan kuma ya cinye, ana iya gyara shi, ko shi ke nan?

Habibu, mai harhaɗa magunguna, Kawo:
Oga Lawal, misalinka ya zauna daidai, kuma an auna abin. A 2012 masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan wiwi kullum, suka samu CB1 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a ɓawon ƙwaƙwalwa idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha. Ƙwaƙwalwa ce ke janye kwaɗunan ciki don ta kare kanta daga yawan makullin baƙo, shi ya sa naɗin da ya ishi mutum bara ba ya isarsa bana, kuma makullin gida ma idan ya zo ba ya samun inda zai shiga kamar da. Inda ya bambanta da mota shi ne ba a sayen sabon takalmi: bayan kimanin mako 4 da dainawa, hotunan sun nuna CB1 ya koma kusan yadda yake.

Akwai kuma batun yawa. A wani gwaji da aka wallafa a 2017 daga Shikago, an ba mutane masu lafiya THC kafin a sa su cikin yanayi mai tayar da hankali. Waɗanda aka ba miligiram 7.5 sun ce sun ɗan ji sauƙi, waɗanda aka ba 12.5 kuwa ransu ya ƙara ɓaci. Tazarar miligiram 5 ce ta juya lamarin, alhali wanda ya sayi ƙulli a lungu ba shi da hanyar sanin nawa ke ciki.

Abdulhakim, ɗalibin ilimin magunguna, Zariya:
Ina neman afuwar manyana, amma ina ganin muna gaggawar rufe ƙofa. Malam Habibu ya san tarihin rimonabant fiye da ni. Maganin rage ƙiba ne da ke toshe CB1, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2006, mutane sun rage nauyi, amma a Oktoba 2008 aka dakatar da shi saboda ya kusan ninka haɗarin matsalolin ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa da tunanin kashe kai. Amurka ma ba ta taɓa amincewa da shi ba. Idan toshe CB1 yana jefa mai lafiya cikin damuwa, ashe hankali ba zai ɗauka cewa ƙarfafa shi zai iya fitar da marar lafiya ba?

Ga kuma matar nan 'yar Sukotlan da likitocin Birtaniya suka ba da rahotonta a 2019, wadda aka haifa da sauyi a ƙwayoyin gado masu kula da FAAH, anandamid ɗinta ya fi na sauran mutane yawa. Ba ta jin zafin ciwo, kuma a ma'aunin fargaba da na damuwa ta samu mafi ƙarancin maki. Ba ina cewa ƙanen Malam Sanusi ya ci gaba da shan wiwi ba, Allah ya sawwaƙe. Ina cewa a nan akwai ƙofar sabon magani, kuma magungunan da muke da su yanzu, irin su fuloksetin da amitiriftilin, sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, wasu majiyyata kuma ba sa yi musu. Bai kamata ƙyamar wiwi ta hana mu faɗin haka ba.

Habibu, mai harhaɗa magunguna, Kawo:
Abdulhakim, ba ka yi laifi ba, kuma rimonabant ita ce hujja mafi ƙarfi da muke da ita a mutane cewa tsarin nan yana riƙe da yanayin zuciya. Amma cire birki ya jawo haɗari bai nuna cewa danne birki kullum zai kai mota gida lafiya ba.

Tunanin da ka kawo kamfanonin magani sun bi shi. Suka ce maimakon a kawo makullin baƙo, a hana FAAH rusa anandamid, don na gida ya ɗan daɗe a inda jiki ya haɗa shi. A ɓeraye abin ya yi kyau sosai. A Janairu 2016 aka gwada wani irin wannan magani, BIA 10-2474, a kan masu aikin sa kai a birnin Rennes na Faransa, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka samu illa a ƙwaƙwalwa. Bincike daga baya ya nuna maganin yana taɓa wasu enzayim da ba su aka nufa ba, kuma sauran magungunan wannan rukuni ba su nuna irin wannan illa ba. To amma su ma ba su kawo abin da aka sa rai ba: wanda aka gwada a kan masu fargabar shiga mutane bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba a babban ma'aunin gwajin. Wani kuma ya nuna alamar rage wahalar masu daina wiwi a gwajin da aka wallafa a 2019. Har yau babu maganin wannan tsari ko ɗaya da aka amince da shi don ciwon damuwa. Ita ma matar da ka ambata takan ƙone hannunta ba ta sani ba sai ta ji ƙauri, kuma tana fama da mantuwa.

Game da wiwin kanta da abubuwan da ake tatsa daga gare ta, a 2019 mujallar Lancet Psychiatry ta tattara bincike 83, ta ce hujjar cewa suna warkar da ciwon damuwa ko firgici ƙarama ce ƙwarai. A shekarar kuma Gabriella Gobbi ta Kanada da abokan aikinta suka haɗa bincike 11 masu mutum sama da 23,000, suka samu waɗanda suka sha wiwi tun suna ƙasa da shekara 18 sun fi kamuwa da ciwon damuwa da kusan kashi 37 cikin 100 idan sun girma, yunƙurin kashe kai kuma ya ninka fiye da sau 3. Wannan alaƙa ce aka gani, ba ta tabbatar da cewa wiwin ce kaɗai sanadi ba, amma da a ce magani ce, da kishiyar haka ya kamata a gani.

Abdulhakim, ɗalibin ilimin magunguna, Zariya:
Na karɓi gyara a kan gwaje-gwajen, Malam, sai dai ina nan a kan cewa ba a gama ba. Watakila kuskuren shi ne ba da maganin shi kaɗai a jira ya ɗaga zuciya. Idan aikin anandamid shi ne taimaka wa ƙwaƙwalwa ta sauke tsoro, kamar ɓerayen da Dakta ta kawo, to wurinsa shi ne a haɗa shi da zaman jinya na magana, lokacin da majiyyaci ke fuskantar abin da ya firgita shi.

Dakta Maryam, likitar ƙwaƙwalwa:
Wannan tunani ne mai kyau, Abdulhakim, kuma akwai masu bincike da ke bin sa. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: zaman maganar shi ne ginshiƙi, kuma shi muna da shi yau, ba sai mun jira sabon magani ba. A jinyar firgici ana taimaka wa mutum ya tunkari abin da ya faru kaɗan-kaɗan a wuri mai aminci, har ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa ya wuce. Wiwi tana yin akasin haka, tana ba shi mafaka duk lokacin da tunanin ya taso, saboda haka koyon ba ya faruwa. Tana kuma danne barcin mafarki, shi ya sa mai firgici yake jin kamar ya samu sauƙi, ranar da ya daina kuma mafarkan su dawo da ƙarfi, ya ɗauka hujja ce cewa ba zai iya rayuwa ba sai da ita.

Malam Idris, Tudun Wada:
Ina bibiyar tattaunawar nan tun safe, kuma na ƙaru. Ta fuskar shari'a babu ruɗani, duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma kasancewar Allah ya halicci wani abu a cikin jiki da gwargwado bai halatta a shigo da makamancinsa daga waje don a gusar da hankali ba. Amma ina so in yi magana da mu iyaye da malamai. Sau da yawa idan yaro ya shiga irin wannan hali sai mu ce raunin imani ne ko rashin tawakkali, mu ƙara masa nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi. Bayanin Dakta ya nuna akwai abin da ke sauyawa a cikin kai idan tsoro ya daɗe, kamar yadda ƙashi ke karyewa idan nauyi ya fi ƙarfinsa. An umarce mu da neman magani. Malam Sanusi, a ci gaba da yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Kada kuma a tara masa dangi a yi masa taron faɗa.

Wani ɗan'uwa da ya nemi a sakaya sunansa:
Yaya Sanusi, ni na bi hanyar da ƙanenka yake kai, shekara 6 ina sha, yanzu shekara 3 da na daina. Na fara ne bayan rasuwar mahaifinmu, da nauyin gida ya dawo kaina. Zan faɗi gaskiya, watannin farko ta yi mini abin da ya ce, kaina ya yi shiru, na samu barci. Wanda ya ce masa ba ta yin komai, zai san bai taɓa sha ba. Amma daga baya sai na wayi gari ba don in ji daɗi nake sha ba, sai don in iya zama kamar kowa, kuma baƙin cikin da na gudu yana nan inda na bar shi, ya ƙara nauyi. Da ta daina isata sai abokai suka kawo mini kolos, na sha sau ɗaya na ji zuciyata kamar za ta fasa ƙirji, na ga mutane suna bina alhali babu kowa.

Abin da nake so ka shirya masa shi ne makon farko na dainawa. Ban yi barci ba, abinci ya fita raina, gumi da dare, faɗa da kowa a gida, ga mafarkai masu ban tsoro. Da ba a gaya mini tun farko cewa haka zai faru kuma zai wuce ba, da na koma a kwana na huɗu. Wajen mako na uku na fara jin ɗanɗanon abinci. Likita ya ɗora ni a kan maganin damuwa, kuma wani abokina ya riƙa zuwa bayan sallar asuba yana jana mu zagaya Dandalin Murtala da ƙafa. Kada ku ce ya daina yau da ƙarfin tsiya ba tare da an ba shi abin da zai dafa ba.

Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, Sabon Tasha:
Ɗan'uwa, mun gode da wannan shaida, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi. Abin da ka ji da kolos yana da dalili. Sinadarai ne da ake haɗawa a fesa a kan ganye, kuma yayin da THC yake buɗe CB1 rabi-rabi, su suna buɗe shi har ƙarshe, shi ya sa muke ganin yara da farfaɗiya da fita hayyaci. Ko wiwin gargajiya ma, wani babban bincike a biranen Turai da Barazil a 2019 ya samu masu sha kullum sun fi fuskantar taɓin hankali sau 3, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau 5. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya a shekara guda, saboda haka ba gidanku kaɗai ba ne, Malam Sanusi.

Roƙona ɗaya ne. Kada wani ya ba ku shawarar kai shi gidan mari. Dukanmu a garin nan na Kaduna mun tuna Satumba 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Yaron da aka tsare kwana 19 a daji, idan aka sake kulle shi aka ɗaure, tsoron da ake so ƙwaƙwalwarsa ta sauke shi za a sabunta. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, akwai kuma Barau Dikko da asibitin koyarwa na Shika.

Hajiya Asabe, Malali:
Ina da tambaya kusa da wannan. Wata ƙawata tana sayo man CBD, wanda ake tatsa daga wiwi, ta intanet, ta ce ba ya sa maye kuma yana maganin damuwa da rashin barci, har ta ba ni kwalba ɗaya. Ni kuma wata 8 ke nan ina kan maganin damuwa da likita ya rubuta mini. Malam Habibu, in haɗa su, ko in ajiye na asibitin in gwada wannan?

Habibu, mai harhaɗa magunguna, Kawo:
Hajiya, ranki ya daɗe, kada ki ajiye na asibiti, kuma kada ki haɗa sai likitanki ya sani. Gaskiya ne CBD ba ya sa maye kamar THC, kuma a 2018 Amurka ta amince da wani tataccen nau'insa mai suna Epidiolex, amma don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani ne, ba don damuwa ba. CBD yana rage saurin hanta wajen sarrafa wasu magunguna, ciki har da wasu na damuwa, sai su taru a jini. Sannan kwalbar kanta abin tambaya ce: a 2017 an auna kayayyakin CBD 84 da aka saya ta intanet a Amurka, kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta, an kuma samu THC a cikin guda 18 daga cikinsu. Ga dokar ƙasarmu, wadda hukumar NDLEA ke aiwatarwa, ba ta sassauta a kan wiwi da abin da aka tatsa daga gare ta ba.

Abin da aka tabbatar yana ɗaga anandamid a jinin mutum ba tare da an sha komai ba shi ne motsa jiki. Tun 2003 aka nuna haka a masu gudu da masu tuƙa keke na kusan minti 50 da matsakaicin ƙarfi. Zagayen asuba da ɗan'uwanmu ya ambata yana da tushe, kodayake ba ya maye gurbin magani ga wanda ciwonsa ya yi nauyi.

Sanusi, Unguwar Dosa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta masa bayanin Malam Habibu da na ɗan'uwan da ya sakaya sunansa, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tambaya ko da gaske ne mako 4 ya isa kwaɗunan su dawo. Ya yarda mu je Barnawa ranar Litinin. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba tun farko don nauyinsa. Daren jiya mahaifiyarmu ta ji shi yana cewa da ma a dajin ya mutu kowa ya huta. Ba wannan ne karo na farko ba.

Dakta Maryam, likitar ƙwaƙwalwa:
Malam Sanusi, da wannan ka fara da ban bari mun kai yamma muna bayani ba. Kada ku jira Litinin, ku kai shi sashen gaggawa yau. Kafin ku fita, ka tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin kashe kansa kuma ko ya tsara yadda zai yi. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. A kwashe fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari, da ƙwayoyin magani, da igiya da wuƙaƙe daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki ko da ya nemi haka. Idan kun isa, ku gaya wa likita komai: kwanakin da ya yi a daji, maganar da ya yi jiya, yawan abin da yake sha a rana, yaushe ya sha na ƙarshe, da ko ya taɓa haɗawa da kolos, tiramadol ko kodin. Likita ba zai kai shi ƙara ba, yana bukatar sani ne don ya zaɓi magani ya kuma shirya masa makon farko.

Sanusi, Unguwar Dosa:
Na tambaye shi kamar yadda kika ce, Dakta. Ya fashe da kuka, ya ce tunanin yana zuwa masa amma bai shirya komai ba. Mahaifiyarmu ta kwashe abubuwan ta kai gidan maƙwabta. Ga mai Keke Napep nan a ƙofar gida, ni da shi da kawunmu za mu tafi yanzu, ragowar ƙullin da ke aljihunsa kuma shi da kansa ya miƙo mini.